Yaro na Sassumbrum, uba na Amurka: abin yi idan hukumar haraji ta hana kuɗin yara

Daga tsakiyar watan Fabrairu zuwa Maris, gidaje da dama a kudancin Damagaram kan kasa kunne ga waya. Lokacin ne hukumar haraji ta Amurka, IRS, ke fara sakin kuɗin da take mayar wa masu yara, kuma wani kaso na kuɗin kan ƙare a wurare irin su Sassumbrum, ƙaramar hukumar da ke gundumar Magariya, dab da iyakar Najeriya. Da shi ake sayen gero kafin ya yi tsada, a gyara ɗaki, a ajiye na taki kafin damina.

Wani lokacin kuma abin da ke zuwa a madadin kuɗin shi ne ambulan mai ɗauke da tambarin IRS, tana cewa an soke rangwamen haraji na yara da mutum ya nema. Ga direban tasi a Bronx ko ma'aikacin sito a Greensboro, inda 'yan Nijar ke da yawa, wannan takarda na iya nufin asarar dubban daloli. Mafi yawan ɓarnar kuwa kan faru ne bayan isowar takardar, lokacin da aka cusa ta a aljihun mota aka manta.

Rangwamen ya kai dala 2,000 ga kowane yaro tun dokar haraji ta 2017. A 2021 an ɗaga shi na shekara guda zuwa 3,600 ga 'yan ƙasa da shekara 6 da 3,000 ga manyansu, sannan ya koma 2,000. Dokar da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuli, 2025 ta mai da shi 2,200. Wanda harajinsa bai kai haka ba yana iya karɓar har dala 1,700 a hannu kan kowane yaro, gwargwadon abin da ya samu da guminsa.

Inda gizo ke saƙar

A Sassumbrum, ɗa ɗa ne, ko yana gabanka ko yana bayan teku, muddin kai ke ciyar da shi. Dokar Amurka ba haka take lissafi ba. Tana son yaron ya kasance bai cika shekara 17 ba a ƙarshen shekarar, ya zama ɗan ƙasa ko mazaunin Amurka, yana da lambar soshiyal da aka bayar kafin wa'adin shigar da takardun haraji, kuma ya zauna tare da mai neman kuɗin fiye da rabin shekara. Sabuwar dokar ta ƙara sharaɗi: shi ma mai neman sai yana da lambar soshiyal, ko aƙalla ɗaya daga cikin ma'auratan da suka haɗa takarda. Lambar ITIN kaɗai ba ta wadatarwa.

A ɗauki misalin magidanci mai 'ya'ya huɗu. Biyu an haife su a Nijar, suna Sassumbrum wajen mahaifiyarsu, ba su taɓa shiga Amurka ba. Waɗannan ba su cikin lissafi, ko da kowane wata yana tura musu kuɗi kuma yana da rasit ɗin kowace turawa. Rasit ɗin yana nuna ciyarwa, ba ya nuna zama tare. Ko ƙaramin rangwamen nan na dala 500 da ake bayarwa kan sauran waɗanda mutum ke ɗauke da su bai shafe su ba, domin shi ma yana buƙatar zama ɗan ƙasa ko mazaunin Amurka.

Na uku yana gidan a New York, yana zuwa makarantar unguwa. Nasa mai sauƙi ne, in dai takardu sun nuna haka.

Na huɗu ne mai rikitarwa, kuma irinsa sun yi yawa a gidajen Hausawa da sauran 'yan Afirka ta Yamma. An haife shi a Amurka, yana da fasfo da lambar soshiyal, amma an kai shi gida wajen kaka don ya yi karatun allo, ya iya Hausa, ya san dangi. Doka ta yarda cewa rashin yaro na ɗan lokaci saboda karatu, jinya ko hutu ana ƙirga shi tamkar yana gida, idan akwai dalilin tsammanin zai dawo. Yaron da ya tafi hutun bazara ya dawo a Satumba ba shi da matsala. Wanda ya shekara uku a Magariya, ba shi da gado a gidan uban, ba ya dawowa hutu, da wuya jami'in bincike ya kira wannan tafiyar ɗan lokaci. Masu cike wa mutane takardu da ke cewa "ai ɗan Amurka ne, a sa shi kawai" ba su ne za su biya ba idan aka dawo neman kuɗin da ruwa da tara.

Lambar takardar ce ke faɗin kwanakin da suka rage

A saman kowace takarda akwai lamba. CP11 ko CP12 na nufin hukumar ta gyara lissafin da kanta, sau da yawa saboda kuskuren lambar soshiyal, sunan da bai dace da na katin ba, ko shekarun yaro. Wannan na yawan samun masu sunaye irin namu, inda Mahamadou na fasfo ya zama Mamadou a takardar haraji. Mutum na da kwana 60 ya ce bai yarda ba, kuma idan ya yi hakan cikin lokaci dole a janye gyaran, ko da daga baya za a buɗe bincike.

CP75 kuwa bincike ne. An riƙe kuɗin har sai an ga hujja. Abin da ake so shi ne takardar haihuwa da ke nuna dangantaka, da takardun makaranta, asibiti ko gidan renon yara masu ɗauke da sunan yaron, adireshin gidan da kwanakin da suka haura wata shida. Wasiƙar ɗan'uwa ko aboki ba ta da nauyin wasiƙar makaranta mai tambari. Takardar haihuwa ta Nijar da Faransanci take, don haka sai an haɗa ta da fassarar Ingilishi da bayanin wanda ya fassara. Kwafi ake turawa, a riƙe na asali.

Idan ba a amsa ba, ko amsar ba ta gamsar ba, sai takardar ƙarshe ta zo, mai lamba 3219. Daga ranar da ke jikinta akwai kwana 90 na shigar da ƙara a Kotun Haraji ta Amurka, ko 150 idan an aika ta ga mutumin da ke wajen ƙasar. Kuɗin shigar da ƙara dala 60 ne, ba sai an fara biyan harajin ba, kuma rigimar da ba ta wuce dala 50,000 ba tana da hanya mai sauƙi da mutum zai iya bi ba lauya. IRS ba ta da ikon ƙara ko kwana ɗaya a kan wa'adin. Nan ne tafiya gida ke cutar da mutane: an zo azumi da salla, an tsaya bikin ƙanwa, takarda na kwance a tsohon adireshi. Aika ta adireshin ƙarshe da hukumar ta sani ya wadatar a doka. Fom 8822 na sauya adireshi bai wuce shafi guda na cikewa ba.

Akwai kuma rigimar cikin gida. Idan iyaye sun rabu kuma kowa ya sa yaron a takardarsa, wanda yaron ya fi kwana a wajensa shi ke da haƙƙi, sai fa in ya sa hannu a fom 8332 ya bar wa ɗayan.

Wanda ya duba ya ga lallai hukumar ce ke da gaskiya, gara ya amince, ya nemi biya kaɗan-kaɗan. Bayan an hana mutum ta hanyar bincike, sai ya haɗa da fom 8862 kafin ya sake neman rangwamen. Idan aka ga ya yi ganganci da ƙa'ida, za a hana shi na shekara 2, in kuwa zamba ce, shekara 10. Masu shirin neman zama 'yan ƙasa su tuna cewa fom ɗin yana tambayar bashin haraji da kuma inda kowane yaro yake zaune.

Taimako na kyauta ko na kuɗi kaɗan yana nan. Cibiyoyin LITC suna tsaya wa masu ƙaramin ƙarfi a gaban IRS da kotu, kuma ofishin mai kare masu biyan haraji, wanda ke cikin hukumar amma yake cin gashin kansa, yana karɓar koke ta fom 911 idan riƙe kuɗin ya jefa iyali cikin ƙunci. Wanda ya kira waya ko ya turo saƙon WhatsApp yana cewa shi jami'in IRS ne, a biya yanzu da katin kyauta ko a zo kamu, ɗan damfara ne. Hukumar ta gidan waya take fara tuntuɓar mutum.