Aikatau "Belie" na Ingilishi da Matsalar Fassara Shi Zuwa Hausa

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala ta dubi aikatau so-karɓau guda na Ingilishi, wato "belie", wanda ya daɗe yana ɗana wa masu fassara tarko. Asalinsa "belēogan" ne na Tsohon Ingilishi, inda aka liƙa ɗafa-goshin "be-" a jikin "lēogan", mai ma'anar yin ƙarya. Ɗan'uwansa "belügen" yana nan da ransa a Jamusanci. Ginin kalmar ya yi kama da na "ƙaryata", wadda Hausa ta samar da liƙa ɗafa-ƙeyar "-ta" a jikin "ƙarya". Daga wannan kamanni ne ruɗanin ya taso, domin kama da wane ba ta wane.

2.0 Ma'ana da Amfani

A farkon ƙarni na 17, Shakespeare ya yi amfani da kalmar a wasansa na Othello da nufin yi wa mutum ƙazafi. Wannan ma'ana ta tsufa. Biyu ne suka fi yawo a yau, kuma kowace ta ba wa 'yar'uwarta baya. Dubi waɗannan jimloli:

(1) The ledgers belie the treasurer's claim.
(2) Her smile belied her grief.

A jimla ta (1), aikau shi ne mai gaskiya, karɓau kuwa shi ne ƙarya. A nan "ƙaryata" ta zauna daram: littattafan kuɗi sun ƙaryata iƙirarin ma'aji. A jimla ta (2) kuwa al'amarin ya juye. Baƙin cikin da ke gurbin karɓau shi ne gaskiya, murmushin ne yaudara. Idan mai fassara ya ce murmushinta ya ƙaryata baƙin cikinta, abin da Bahaushe zai ji shi ne matar ba ta cikin wani baƙin ciki, alhali marubucin cewa ya yi tana ciki dumu-dumu, fuska ce kawai ta rufa mata asiri. Daidai a ce murmushinta ya lulluɓe baƙin cikin da ke ranta. A ɗakin labarai, irin wannan kuskure kan ɓata rahoto. A gaban alƙali kuwa, yana iya mayar da shaidar da ke goyon bayan mutum ta koma kansa.

Saboda haka, kafin a zaɓi kalma wajibi ne a tantance ɓangaren da marubuci ya ɗauka gaskiya. Nahawu ba zai taimaka ba, tunda siffar jimlolin biyu iri ɗaya ce. Muhallin magana ne kaɗai alƙali.

Wani lokaci ma Hausa ba ta neman aikatau takwara ko kaɗan:

(3) His vigour belies his age.

Duk ƙoƙarin cusa "ɓoye" ko "saɓa wa" a nan zai haifar da Hausar kanti. Abin da mai harshe zai ce shi ne: in ka ga kuzarinsa, ba ka ce tsoho ne ba.

Akwai kuma masu Ingilishin da kan sa "belie" a gurbin "betray", suna nufin tonawa ko fallasawa, abin da masu kula da daidaitaccen Ingilishi ke ɗauka kuskure. Idan marubuci ya ce rawar murya ta yi "belie" ɗin tsoron mai magana, tonawa yake nufi, don rawar murya ba ta ɓoye tsoro. "Tona" ce za ta shiga fassarar, ko da ƙamus bai lamunta ba.