Ƙugun Ƙarfe: A Biya Asibitin Kuɗi Ko A Jira Na Gwamnati?

Shirin yau a kan ƙashi yake, wato aikin nan da likita ke cire gaɓar ƙugu da ta lalace ya sa ta ƙarfe. Kafin wani ya ce ai wannan hirar tsofaffi ce ya wuce, ya dakata tukuna. A ƙasar nan da yawa daga masu buƙatar aikin matasa ne, kuma ko da tsoho ne ke kwance, mu matasan gida ake kira a waya a ce a kawo kuɗi.

A Ingila, idan ƙugunka ya lalace, gwamnati za ta yi maka aikin kyauta, sai dai ka shiga layi. A ƙa'ida bai kamata jiran ya wuce mako 18 ba, amma tun bayan korona wasu sun yi fiye da shekara suna jira. Wanda ya gaji sai ya cire sama da fam 10,000 ya tafi asibitin kuɗi. Su can zaɓin a fili yake: ko kuɗinka ko lokacinka.

Mu a Jega, Aliero ko Maiyama ba haka abin yake ba, kuma wannan shi ne abin da nake so a fara ganewa. Asibitin gwamnati ma biya ake yi. Ƙarfen daga waje ake shigo da shi, da dala, kuma galibi majinyaci ne ke sayensa. Ga kuɗin gado, ga gwaje-gwaje, ga jini, ga magani. Lissafin miliyoyin naira ake yi, ko ina ka je. Saboda haka yawancin jiran da muke yi ba na layi ba ne, jiran kuɗi ne. Kuma kuɗin ba ya tsayawa ya jira ka. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Gidan da ya tara rabin kuɗin ƙarfe a wancan lokacin ya wayi gari abin da ke hannunsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Manomin albasa a Aliero yakan ajiye kayansa har ta yi tsada, ya ci riba. Mai ajiye naira don sayen ƙarfe kuwa, ajiyar ce ke cin sa.

To shi aikin mene ne? Kan ƙashin cinya kamar ƙwallo yake, yana juyawa a cikin wani ƙoƙo a jikin ƙashin ƙugu. Idan ƙwallon ya lalace, likita ya yanke shi, ya soka sandar ƙarfe a cikin ƙashin cinyar mai sabon ƙwallo a kanta, ya sa sabon ƙoƙo na roba mai tauri ko na tangaran. Wani likitan Ingila, John Charnley, shi ya daidaita wannan tsarin a 1962. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan kashi 58 cikin ɗari na irin waɗannan gaɓoɓi suna kai shekara 25. Ga ɗan shekara 70 wannan albishir ne. Ga ɗan shekara 25 kuwa, ma'anarsa wataƙila akwai aiki na biyu a gaba, wanda ya fi na farko wuya da tsada.

Abin da ya kamata ya yanke shawarar jira ko biya shi ne irin ciwon. Akwai ƙugun da zai iya jira, akwai wanda ba zai iya ba.

Tsohuwa ta zame a bayi, ta kasa tashi, ƙafar ta gajarce ta juya waje. Sau da yawa wuyan ƙashin cinya ne ya karye. Wannan ba ya jira. Likitoci sun fi so a yi aikin cikin kwana ɗaya zuwa biyu, domin ba karayar ce ke kashe tsoho ba, kwanciyar ce: gyambon kwanciya, ciwon huhu, gudan jini a jijiya. A nan in na gwamnati ya ce sai bayan makonni, kuma dangi za su iya haɗa kuɗin asibiti mai ƙwararren likitan ƙashi, ni ina ganin biyan ya fi.

Na san abin da wani zai ce: ga Aliero nan kusa, me ya kai mu asibiti? Gaskiya ne, ɗorin Aliero ya yi suna, har daga Nijar da Benin ake kawo masu karaya, kuma akwai mutane da yawa da ke tafiya yau da ƙafarsu ta dalilin maɗoran garin. Ba raini a maganata. Amma wannan karayar daban ce. Tana can cikin gaɓa, ƙarƙashin tsoka mai kauri, inda kara da tsumma ba sa iya riƙe ta. Kuma jijiyoyin da ke kai wa ƙwallon jini ta wuyan suke bi, in ya karye sukan tsinke. Ƙashin da jini bai isa gare shi ba kuwa ba ya haɗewa, komai iya hannun mai ɗori. A fara ɗaukar hoto a asibiti. Kuɗinsa kaɗan ne a kan wata uku na kwanciya.

Sai kuma namu na matasa, wato masu sikila. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan lalura, ana ƙiyasta jarirai 150,000 duk shekara. Jinin nasu yakan toshe ƙananan jijiyoyin ƙwallon, ƙashin ya mutu a hankali, daga baya ya lotsa. Ciwon yakan fara a matsematsi ko ma a gwiwa, sai ɗingishi, sai zaman tahiya ya gagara. Af, 'yan mata masu shan sha-ka-fashe don a yi ƙiba, ku ji da kyau: ƙwayoyi irin su Dexamethasone, in aka daɗe ana sha, suna kashe wannan ƙashin kamar yadda sikila ke yi.

Ga mai sikila, ra'ayina ya juya. Sauri ba shi ne kan gaba ba. Tiyata kanta tana iya tayar masa da ciwo, ƙashinsa yakan yi wuyar aiki, kuma ya fi saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta. Yana buƙatar likitan jini a kusa, da jinin da aka tantance, da iskar oksijin da ba ta yankewa, da ɗakin kulawa ta musamman. Waɗannan a manyan asibitocin koyarwa aka fi samunsu a wuri ɗaya. Hanyar da aka saba bi ita ce daga babban asibitin garinku zuwa Birnin Kebbi, Sir Yahaya ko na tarayya da muke kira FMC, a ga likitan ƙashi. In abin ya fi ƙarfin nan sai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda ya daɗe yana wannan aikin. Jiran wata biyu ko uku a irin wannan wuri ya fi aikin jibi a ginin da ba shi da bankin jini. Haka ma dattijon da gaɓarsa ta cinye saboda shekaru, zai iya jira da sanda da gashin ƙashi.

Amma jiran ma yana da farashi. Tsoka tana shanyewa, ƙafa tana gajarcewa, karatu ko sana'a ta tsaya. Shan Diclofenac kullum yana cin ƙoda da ciki, Tramadol da allurar Pentazocine kuma sun mayar da wasu bayinsu. Yajin aiki ma yana iya ɗage ranarka, na likitoci a 2021 wata biyu ya yi.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: sau da yawa likitan da ke na gwamnati da safe shi ne a asibitin kuɗi da yamma. To me kake saye da ƙarin kuɗin? Rana da ɗaki, ba sabon hannu ba. Ka tambaye shi kai tsaye: aiki nawa irin wannan yake yi a shekara? Ƙarfen na wane kamfani ne, kuma za a ba ka takardarsa? Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da jini da gashin ƙashi? In ciwon ya ruɓe ko gaɓar ta goce, wa zai biya? Mai inshorar NHIA ko KECHEMA ta jiharmu ya nemi a rubuta masa abin da za su ɗauka da wanda ba za su ɗauka ba. Masu tunanin Indiya ko Masar su ƙara tambaya guda: in na dawo Maiyama matsala ta taso bayan wata shida, wa zai duba ni?

A ware wani abu kuma don gida. Makonnin farko ba tsuguno, ba zaman tabarma, ba hawa mashin. Ana buƙatar masai na zama, da gado mai ɗan tudu, salla kuma a kan kujera har sai likita ya ba da izini. A gyara waɗannan tun kafin a tafi, kada a dawo da majinyaci daga Kano a tarar masan tsuguno ne kaɗai a gidan.

Nan za mu dakata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, sai mun haɗu a shiri na gaba.