Hurumin Gari da Sababbin Gidaje: Shin Maƙwabta Suna da Bakin Magana?

Muna so mu duba wata rigima da ta yawaita a bayan garuruwanmu. Sai a wayi gari a ga masu awo sun kafa turaku a fadama ko makiyaya ko bakin kududdufi, a ce wani kamfani zai gina rukunin gidaje. Idan mutanen unguwa suka kai kuka wurin dagaci cewa nan ne ruwa yake bi da damina, sai a nuna musu takardar mallaka, a ce bakin alƙalami ya bushe. To, a Shari'a bai bushe ba.

Malaman Malikiyya sun daɗe da wannan magana. A babin raya matacciyar ƙasa, Mukhtasar na Shehu Halilu ya tabbatar wa kowane gari harimi, watau abin da muke kira hurumi: inda jama'a suke itace da kiwo, gwargwadon a tafi a dawo a yini. Ƙasar da take kusa da gari kuwa ba a raya ta sai da iznin shugaba, kuma an ɗora masa iznin ne domin ya duba ko za a cuci mazauna. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya yi littafi a kan wannan, Ta'alimur Radi. Ita kanta dokar ƙasa ta 1978 amana ta ba gwamna domin amfanin jama'a, ba gado ba. Sa'an nan dokar 1992 ta wajabta binciken illa ga muhalli kafin a gina gidaje a filin da ya kai hekta 50, tare da jin ta bakin jama'a.

Amma fa ba kowane ƙorafi alƙali yake saurara ba, nan kuwa mutane da yawa suke ruɗewa. Asalin babin shi ne hadisin hana cuta da ramuwa da cuta, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. A kansa aka hana hayaƙi da warin majema da tagar da take leƙa cikin gidan maƙwabci, aka kuma hana toshe wa ruwa hanyarsa ta asali ko juya shi gidan wani. Wanda ya ce sabon bene ya tsare masa iska ko hasken rana kuwa, mashhurin mazhaba ba a hana mai gini dominsa, sai fa idan iskar masussuka ce, domin can abincin mutane ne. Haka wanda kukansa shi ne baƙi za su cika unguwa: wannan ƙyashi ne, ba hujja ba. Talaka ma yana bukatar wurin kwana, gina gidaje kuwa alheri ne.

Maganar ruwa ita ce mafi nauyi, domin cutarsa ba ta tsayawa a kan maƙwabci ɗaya. Kududdufan Kano, waɗanda aka haƙa tun kaka da kakanni wajen ɗibar ƙasar gini, su ne suke shanye ruwan unguwanni. Duk wanda aka cike aka yanka fuloti, ruwansa ba ya ɓacewa, ɗakin wani zai nema. A Lugbe ta bayan Abuja, ruwa ya ci rukunin gidajen Trademore a watan Yuni na 1444 Hijiriyya, watau 2023, gidaje fiye da 100 suka nutse, ba kuwa karo na farko ke nan ba. Hukumar birnin ta ce an yi gini a hanyar ruwa, ta yi maganar rushewa. Mazauna suka ƙi, suka ce da kuɗinsu suka saya, a gyara magudanai. Dubi yadda magana ta juya: tambayar da ya kamata a yi kafin a aza tubali, ita ake yi bayan iyali sun tare.

Saboda haka lokacin magana yana da hukunci. Ibnu Asim a Tuhfa ya tafi a kan cewa wanda yana nan, yana gani aka ƙago masa cuta, ya yi shiru shekara 10 ba tare da uzuri ba, ƙararsa ta faɗi. Mutanen unguwa kada su jira sai an yi rufi. Ranar da aka ga turaku, a rubuta wa mai unguwa da hakimi da hukumar tsara birni, a ajiye kwafe mai kwanan wata, a kawo dattawan da za su shaida inda ruwa yake bi da inda burtali ya ratsa. Kada kuma a bar yara su tumɓuke turaku ko su taɓa leburori, domin rushe gini aikin hukuma ne bayan masana gini sun je sun gani da idonsu, kamar yadda alƙalan Tunis suke aika magini Ibnur Rami ya dubo musu kafin su yanke hukunci.