Kafin Ku Raba Gadon Baba, Ku Fara Ware Amana

An yi sadakar bakwai, baƙi sun watse, sai ga saƙo a zauren WhatsApp na gida: “To, yaushe za a raba?” Ɗan'uwa, dakata tukuna. Ba duk abin da ka gani a hannun Baba ne nasa ba, kuma ba duk nasa ne ke ɗauke da sunansa ba.

Fara da abin da ya riƙe wa wasu: gonar marayun ƙanensa, kuɗin ajiyar abokin kasuwa. Waɗannan ba gado ba ne, mayar da su ake yi. Haka nan filin da ya saya da sunan Kawu don ya riƙe masa, na magada ne, sai dai kotu hujja take nema: takarda ko shaidu.

Sai wakafi, wanda a Kano ake kira hubusi. Idan Baba ya ware gida yana da lafiyarsa, ya ce kuɗin hayarsa na Islamiyya ne, ya kuma miƙa shi, gidan ya fita daga gado, ba a sayarwa, ba a rabawa. Amma a mazhabar Malikiyya, in a ciwon ajali ya yi, ba zai wuce sulusin dukiya ba. Idan kuwa ya danƙa kadara ga kamfanin riƙon amana, irin waɗanda wasu bankuna ke da su, ku nemo takardar yarjejeniyar, ita ke faɗin wanda zai amfana da kuma yaushe.

Abin da ya rage ma da tsarinsa: hidimar jana'iza, biyan bashi, wasiyya da ba ta wuce kashi 1 cikin 3 ba, sannan rabo. Kuma don an rubuta sunanka a matsayin makusanci a fom ɗin banki, ba ka zama mai kuɗin ba. Banki zai nemi takardar kotu kafin ya saki ko sisi.

In rigima ta taso, kotun shari'a ce wurinta, ba Facebook ba. Idan kuma Allah Ya sa Baba na raye, ka same shi cikin ladabi yau, ku rubuta wanne ne nasa, wanne ne amana, a gaban shaidu biyu. Tambayar tana da nauyi a baki, amma ta fi 'yan'uwa su daina gaisawa.