Yadda Ake Auna Tsananin Hunturu

Duk shekara idan hunturu ya kankama, akan ji mutane suna cewa ba a taɓa yin sanyi irin na bana ba. Masana yanayi kuwa ba sa yanke hukunci da abin da jiki ya ji. Kullum sukan rubuta mafi ƙarancin zafin da ma'auni ya nuna, sannan su kwatanta shi da matsakaicin shekaru 30, wanda Hukumar Yanayi ta Duniya ta tsayar daga 1991 zuwa 2020. A Kano, matsakaicin zafin asubahin Janairu wajen digiri 13 ne. Sai ma'auni ya yi makonni yana ƙasa da haka kafin a ce hunturun ya tsananta. Sanyin dare ɗaya ba ya zama hujja.