Yadda "take off" ya tara ma'anoni a Turanci

A Turanci akwai rukunin aikatau da ba sa tafiya su kaɗai, sai da wata 'yar kalma a bayansu, irin su "off", "up" da "out". Masana nahawu na kiransu "phrasal verbs", mu kuwa bari mu ce musu aikatau masu ɗan rakiya. Tun a 1755 Samuel Johnson ya bayyana a gabatarwar ƙamusunsa cewa suna wahalar da baƙin harshen, kuma "take off" na cikin misalan da ya kawo.

Kalmar "take" ta shigo Turanci ne daga tsohon harshen mutanen Sikandinebiya, ma'anarta kamawa ko ɗauka. Ita kuwa "off" rabuwa take nunawa, wato abu ya bar inda yake manne. Da aka haɗa su sai aka sami cirewa: "take off your shoes" na nufin cire takalminka. Bahaushe da ƙarshen kalma yake irin wannan aiki, ya ce ɗauka, ɗauko, ɗauke. Bature kuwa wata kalma yake ƙarawa.

Daga cirewar nan reshe na farko ya fito. Mai shagon da ya yi wa kaya ragi ya cire wani abu daga farashin, don haka ake amfani da "take off". Ma'aikacin da ya ce zai yi "take Friday off" ya zare Juma'a ne daga kwanakin aikinsa. A Birtaniya kuma, wanda ya kwaikwayi murya da tafiyar wani don ba'a, shi ma wannan aikatau ake ba shi. Johnson ma da "kwafa" ya fassara shi.

A reshe na biyu babu abin da ake cirewa, mai aikin ne da kansa ke rabuwa da wurin. Mai tsalle ya bar ƙasa, jirgin sama ya tashi, ɓarawo ya ranta a na kare. Daga nan ma'anar ta shiga kasuwa: sana'ar da ta haɓaka farat ɗaya ita ma ta yi "take off". A 1960 masanin tattalin arziki Walt Rostow ya raɗa wa mataki na uku cikin matakai biyar na bunƙasar ƙasa wannan suna.

Hanyar rarrabewa ita ce a duba ko akwai karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa. In akwai, yana iya zuwa bayan kalmomin biyu ko a tsakaninsu: "take off your cap" da "take your cap off" duk daidai ne. Amma wakilin suna tsakiya kawai yake zama, "take it off". In babu karɓau, to maganar tashi ce, ko arcewa, ko bunƙasa.

Saboda haka haddar jerin ma'anoni ba ta kai amfanin riƙe asalin ba. Mai koyo ya tambayi kansa: me ya rabu da me? Amsar ce za ta nuna masa reshen da ake nufi.