Daga Tangarahu Zuwa Intanet: Yadda Saƙo Yake Tafiya a Nijeriya

Kalmar waya ba ta daɗe a bakin Bahaushe ba, in an kwatanta ta da kalmomi irin su kuge da tambari da ɗan aike, amma cikin ƙarni guda ta sauya ma'ana fiye da sau uku. Asalinta kalmar aro ce daga Turanci, ma'anarta kuwa siririn ƙarfen nan da ake miƙawa bisa turaku. Da Turawan mulki suka kawo tangarahu sai saƙon kansa ya zama waya, ofishin da ake aika shi ya zama gidan waya, har ma akwai gari mai wannan suna a kudancin Jihar Kaduna. Shi ma furucin nan na "buga waya" ya dace da aikin ma'aikacin tangarahu, domin ƙwanƙwasa ɗan ƙarfe yake yi, saƙo ya tafi harafi bayan harafi. Daga baya aka sami wayar tarho da wayar iska, sa'an nan wadda ke aljihun kowa a yau, wadda ba a ganin ko zare ɗaya jikinta. Wannan ne ya sa mutane da yawa suke zaton an rabu da waya ta ainihi. Ba a rabu da ita ba, ƙarƙashin ƙasa da ƙarƙashin teku ta koma. A wannan maƙala za a yi ƙoƙarin bin sawunta, domin a ga dalilin da ya sa sabis yake da ƙarfi a wani gari, a wani kuma sai mutum ya hau tudu kafin ya ji muryar ɗan'uwansa.

A shekarar 1886 aka haɗa Ikko da London da wayar ƙarƙashin teku. Ba don talakawa aka yi wannan aiki ba. Bukatar masu mulki ita ce gwamna ya ji daga Ingila, razdan ya ji daga gwamna, saboda haka duk inda bariki da hanyar jirgin ƙasa suka nufa, nan waya ta bi. Lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, layukan tarho 18,724 ne kacal a ƙasar baki ɗaya. Bayan haka an yi ɗan yunƙuri. An buɗe tashar sadarwa ta tauraron ɗan Adam a Lanlate cikin 1971, daga baya aka gina wata a Kujama kusa da Kaduna, sa'an nan a 1985 aka haɗe sashen tarho na Ma'aikatar Gidan Waya da kamfanin da ke kula da kiran ƙasashen waje, aka kafa NITEL. Duk da haka, har zuwa 2001 layukan da ke aiki ba su wuce wajen 400,000 ba, alhali jama'ar ƙasa sun haura miliyan 100. Mai neman layi yakan yi shekaru yana jira. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke son jin farashin kaya a Ikko, sau da yawa ya fi masa sauƙi ya ba direban mota wasiƙa.

Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, an kafa ta tun 1992, amma aikinta da ya girgiza ƙasa shi ne gwanjon lasin wayar salula da ta yi a watan Janairun 2001. Kuɗin lasi ɗaya ya tsaya a dala miliyan 285. Kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan wannan shekara, Globacom ya biyo baya a 2003 da tsarin biyan kuɗi a kan daƙiƙa, abin da ya tilasta wa sauran su sauko, domin kafin nan naira 50 ake cira a kan minti ko da mutum sallama kawai ya yi ya kashe. Etisalat ya shigo a 2008. Ba a daɗe ba layuka suka tashi daga dubbai zuwa miliyoyi, sana'o'i kuma suka tsiro a gindinsu: masu lema da tebur da ake biya a yi kira, masu sayar da kati, masu gyara, masu cajin waya a ƙauyukan da ba lantarki. Wanda ya shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano zai ga yawan bakunan da wannan abu yake ciyarwa.

To, yaya saƙon yake tafiya? In mutum ya yi kira daga Bichi, alal misali, wayarsa ba ta san inda wanda ake kira yake ba. Iyakar abin da take yi shi ne ta mai da murya lambobi, ta jefa su ta iska zuwa ga ƙarfen sabis mafi kusa. Tafiyar iska ke nan, kuma galibi 'yan kilomitoci ne. Daga ƙarfen nan sai saƙo ya wuce cibiyar kamfani, ko dai ta faifan nan mai kama da ganga da ake gani maƙale a jikin ƙarfe yana fuskantar wani ƙarfen, ko kuwa ta wayar gilashi da aka binne a gefen titi. Ita wayar gilashi zare ce siririya kamar gashin kai, haske ne yake gudu a cikinta maimakon lantarki, kuma abin da zare ɗaya yake ɗauka ya ninka na faifan nan nesa ba kusa ba. Garin da wayar gilashi ta isa, shi ne ake iya kallon hoto mai motsi ba tare da tsinkewa ba. Wanda ba ta isa ba kuwa, ko da waya ta nuna sabis ya cika, sai a ga shafi ya ƙi buɗewa, domin ƙofa ce mai faɗi amma zauren ƙunci gare shi.

Kowane ƙarfen sabis yana bukatar wuta dare da rana. A ƙasar da lantarki yake tsayayye wannan ba abin magana ba ne, amma a Nijeriya akasarin ƙarafan da janareto suke aiki, wasu da taimakon batir da hasken rana. Ke nan sai an yi dakon man gas zuwa kowane lungu, a ajiye maigadi, a kuma yi fama da ɓarayin batir. Duk wannan kuɗi a kan mai sayen kati yake ƙarewa. Da darajar naira ta faɗi, man gas ya yi tsada, kamfanoni suka yi ta kuka har hukuma ta yarda musu ƙarin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba a watan Janairun 2025.

Maganar intanet ta fi ta kira nisa, domin mafi yawan abin da ake nema a cikinta a manyan rumbunan kwamfuta na Turai da Amurka yake ajiye. Sai an tsallaka teku. Shekaru da dama igiya ɗaya tak ƙasar ta dogara da ita, wato SAT-3, wadda NITEL ke riƙe da ƙofarta, shi ya sa intanet ta kasance abin masu hali da na shagunan da ake biyan kuɗin awa. A 2010 aka sami Main One, mai tsawon kilomita wajen 7,000 daga Fotugal, da Glo-1. WACS da ACE suka zo a 2012, ta kamfanin Google mai suna Equiano ta iso a 2022. Abin lura a nan shi ne dukkan waɗannan a Ikko suka sauka. Sai a 2024 ne igiyar 2Africa ta sami mashiga ta biyu a gaɓar Jihar Akwa Ibom.

Daga Ikko zuwa Kano tafiyar wajen kilomita 1,000 ce, kuma a wannan tsakani ne matsalar Arewa take. Ruwa ya cika tafki a bakin teku, lambatun da zai kai shi gona ne bai wadata ba. Kamfanin da zai binne waya sai ya biya kowace jiha kuɗin izinin haƙa a gefen titinta. A 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta tsai da naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar dubbai, suna ganin kafar samun kuɗin shiga ce. Sai a 2020 wasu suka sassauta: Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna kuwa ta yafe kuɗin gaba ɗaya. Jihar da ta tsawwala ta ci riba ta shekara guda, ta hana makarantunta da asibitocinta abin da za su daɗe suna mora. Bayan an binne wayar ma ba a huta ba, domin katafilar masu aikin hanya takan tsinke ta, wani lokaci kuma masu neman jan ƙarfe su tone ta, su tarar gilashi ne su yar. A 2024 gwamnati ta sa kayan sadarwa cikin jerin kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman.

An yi wata dabara da ta rage wahala. Da, saƙon da ya tashi daga wani kamfani zuwa wani a cikin gari ɗaya yakan je Turai ya dawo. A 2006 aka kafa mahaɗar intanet ta ƙasa, IXPN, inda kamfanoni suke musayar saƙonnin cikin gida a nan gida, ta kuma yi rassa har da Kano.

Ranar 14 ga Maris 2024, cikin makon farko na azumi, jama'a suka ga abin da dogaro da bakin teku yake nufi. Igiyoyi huɗu suka lalace a tekun da ke daura da Kodebuwa, wato SAT-3 da Main One da WACS da ACE. Bankuna suka rikice, mai shago ya ƙi sakin kaya domin bai ga shigar kuɗi ba, masu POS suka zauna jugum. Mutumin da bai taɓa ganin teku ba ya kasa sayen kayan buɗa baki saboda abin da ya auku a ƙarƙashinta. Jamhuriyar Nijar, da yake ba ta da gaɓa, ta maƙwabta take samun nata rabon, saboda haka ko a 2009 da SAT-3 ta yanke, tare da Nijeriya da Benin da Togo ta sha wahalar.

Akwai kuma yankewar da ba hatsari ba ce. A watan Satumban 2012 'yan Boko Haram suka ƙona ƙarafan sabis a garuruwa da dama na Arewa, har da Kano da Maiduguri. A watan Mayun 2013, da aka sa dokar ta-ɓaci, sojoji suka sa aka rufe sabis a Borno da Yobe da Adamawa. A Satumban 2021 aka rufe na Zamfara baki ɗaya don a toshe wa 'yan bindiga hanyar jin labari, sa'an nan aka bi da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutanen Gusau suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don su yi kira, kafin ita ma a rufe ta. Ana iya fahimtar hujjar hukuma, amma ƙauyen da aka kai wa hari cikin dare shi ma ya rasa abin da zai nemi agaji da shi.

Wasu na ganin tauraron ɗan Adam ne zai tsallake duk wannan. Nijeriya ta harba NigComSat-1 daga ƙasar Sin a 2007, ya mutu a 2008 saboda matsalar faifan hasken rana, aka maye gurbinsa a 2011. Starlink ya fara aiki a ƙasar a Janairun 2023, ita ce ma ta farko a Afirka. Yana kaiwa inda ba ƙarfe ba waya, sai dai kuɗin na'urarsa da na wata sun fi ƙarfin manomi. Haka shi ma tsarin 5G, wanda aka yi gwanjon lasinsa a Disamban 2021, daga manyan birane ya faro.

Ɗalibin Hausa yana da nasa kason a wannan magana. Tun shekarun 1930 ake rubuta Hausar boko da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, kuma tun farkon shekarun 1990 suke cikin babban kundin haruffan kwamfuta na duniya. Amma wayoyin farko ba su zo da su ba. Ko a wayar da take da su, gajeren saƙo haruffa 160 yake ɗauka muddin na Turanci ne zalla, da zarar an sa ƙ guda ɗaya sai tsarin ya sauya, saƙon ya koma haruffa 70, wanda ya wuce haka a cire masa kuɗin saƙo biyu ko uku. Wato mai kiyaye ƙa'idar rubutu tara aka riƙa cin sa. Samarin da suka koyi rubutu a kan waya cikin waɗannan shekaru sun saba rubuta baki a wurin baƙi, kafa a wurin ƙafa, bata a wurin ɓata, mai karatu ya yi ta laluben ma'ana daga sauran jimla. Wayoyin yanzu suna da allon rubutun Hausa, saƙon WhatsApp kuma ba a ƙidaya masa haruffa, amma hannu ya riga ya saba. Waɗanda ba su yi boko ba kuwa sun bi wata hanya dabam: saƙon murya suke aikawa, su yi sallama, su gaisa, su tambayi iyali da gajiya, sa'an nan su faɗi abin da ya kawo su, kamar yadda ɗan aike yake yi a ƙofar gida.